Katako mai kuka a ɗaka: kafin ka ɗauki guduma

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, koke iri ɗaya ake yawan kawo mana a rumfar kafintoci a nan Magariya: katako yana kuka. Wani gadonsa ne, ko juyi ya yi da dare sai yara sun farka. Wani dandamalin shagonsa ne, wani matakalar da yake hawa ya sauko da kaya, wani kuma daɓen katako ne da ya kashe kuɗi ya shimfiɗa a ɗakin baƙi saboda ya ga irinsa a Yamai ko Kano. Gidajenmu dai na siminti ne da tayil da daɓen ƙasa, don haka masu daɓen katako ba su da yawa, amma ciwon ɗaya ne ko a gado ko a ƙasa. Abin takaici, kafin a kira mu, galibi maigida ya riga ya gwada nasa maganin. Ya ƙara ƙusa goma a wuri guda, ko ya tsiyaya baƙin mai a tsagar. Daga nan aikin minti talatin ya koma na yini.

Katako shi kaɗai ba ya ƙara. Sai abu biyu sun gogi juna: falanki da falanki, falanki da gungumen da yake kwance a kai, ko falanki da ƙusar da ta saki. Na ƙarshen nan ya fi yawa. Ka taka, falanki ya sauka da kaurin farce, ya zame a jikin ƙusa. Ka ɗaga ƙafa, ya koma. Wannan zamewar kake ji.

Me ya sa sai da hunturu? Yawancin katakon da muke aiki da shi ba na ƙasar nan ba ne. Daga dazuzzukan kudancin Najeriya yake fitowa, iroko da afara da obece da malaina, ya sauka a kasuwannin katako na Kano irin ta Na'ibawa, sannan ya tsallako iyaka ya iso mana. Can inda aka yanke shi iska jiƙe take kusan duk shekara, kuma sau da yawa ana loda shi mota bai gama bushewa ba. Nan kuwa da rani danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sannan a watan Agusta ya haura kashi 60. Katako yana shan ruwan iska yana saki, yana kumbura yana motsewa, kuma ta faɗi yake yin haka, tsawonsa da ƙyar yake canzawa. Falanki mai faɗin santimita 30 da aka buga da ɗanyensa zai iya rage kusan rabin santimita kafin azumi ya zagayo. Ramin ƙusa ya yi mata yawa, haɗin da ya matse ya buɗe. Shi ya sa gadon amaryar da aka haɗa da damina, aka kai Wacha ko Bande ana guɗa, yake fara magana da sanyin farko, har dangin miji su ce kafinta ya ci amana. Wani lokaci ya ci ɗin, don ya san katakon ɗanye ne ya yi shiru. Wani lokaci kuma iyayen amarya ne suka ce lallai cikin mako guda suke son kaya.

Aikin farko shi ne gano inda ƙarar take, kuma mutum biyu yake so. Ɗaya ya riƙa takawa a hankali, ɗaya ya durƙusa ya sa kunne da tafin hannu. Kunne yana ruɗi, sauti yakan bi katako ya fito nesa da inda aka haife shi, amma hannu yana jin falankin da ke motsi. Inda ka same shi, sa alama da alli. Wata Hajiya ta taɓa aikowa daga wajen Dungas cewa gadonta duka ya lalace, a zo a canza. Da muka ɗage katifa muka bi shi ƙafa-ƙafa, sai ga shi sanda ɗaya ce daga cikin na kwance take gugar gefen gado. Na ce mata, "Hajiya, a ba ni guntun kyandir." Ta ce, "Malam, kyandir kuma? Ai da rana ne." Na goga shi a bakin sandar, na ɗaure notin kusurwa, magana ta ƙare.

Idan gefen falanki biyu ne ke gugar juna, abin da ake so shi ne santsi busasshe. Hodar jiki ta isa, ko garin bakin fensir idan katakon mai duhu ne. Ka barbaɗa a tsagar, ka shimfiɗa tsumma a kai, ka tattaka har ta shige, ka share saura don kada wani ya zame. A gado da kujera da aljihun tebur, kyandir ko busasshen sabulu sun fi. Wannan magani ne na ɗan lokaci, wata shekarar za ka sake, amma ba ya ɓata komai. Man gyaɗa da man ja da baƙin mai kuwa, ina roƙonku ku bar su a inda suke. Suna shiga katako su bar tabon da ba ya fita, ƙurar hunturu ta manne musu, kuma duk inda mai ya taɓa, gam ba zai sake kamawa ba. Ranar da za mu yi gyaran gaske sai mun kankare wurin ko mun yanke shi.

Idan falankin yana sauka yana tashi, to ya rabu da gungumen ƙarƙashinsa, hoda ba za ta yi ba. A nan mutane ke ɗaukar ƙusa. Ƙusa sumul take, katakon da ya saki ta farko zai saki ta biyu, kuma iroko ko maɗaci da ya bushe, ka buga masa ƙusa kusa da baki, tsagewa zai yi. Sukuru ake sa wa, wanda mu a nan muke ce wa bis. Bi layin tsofaffin ƙusoshi don ka san inda gungumen yake, ka huda ɗan rami da bai kai kaurin sukurun ba, wani ya tsaya a kan falankin da nauyinsa, sannan ka ɗaure har kan ya ɗan nutse. Falanki mai kaurin santimita 2 yana son sukuru mai tsawon santimita 5. Ramin da ya rage a sama, kwaɓa garin katakon da gam ka toshe, idan ya bushe ka bi da samfefa. Wanda ba shi da sukuru sam, ya buga ƙusa biyu a karkace, suna fuskantar juna, sun fi guda huɗu a tsaye riƙo.

Dandamalin shago da matakala suna da sauƙi guda, ana iya shiga ta ƙasa. Idan ka haska fitila ka ga rata tsakanin falanki da gungume, fiƙe ɗan siririn katako, shafa masa gam, ka tura da hannu har ya tsaya. Kada ka dake shi da guduma, sai ya ɗaga falankin, ƙarar ta koma maƙwabcinsa.

Ga masu shimfiɗa katako a kan siminti, matsalar takan fara tun ranar aiki. Simintin da bai daidaita ba yana barin rami a ƙarƙashi, wanda bai bushe ba yana jiƙa katakon ta baya. Gwajinsa ba wuya: manna leda a kan simintin ta ko'ina, ka bar ta kwana biyu, idan ka ga raɓa a cikinta, jira. Sannan dole a bar ratar kamar santimita 1 tsakanin katako da bango ta kowane gefe. Masu gida ba sa son wannan rata, suna ganin kamar awo ne ya kuskure. Wanda ya matse katakonsa da bango a watan Janairu, a Agusta zai gan shi ya yi tozo a tsakar ɗaki. Haka ma tsagar da ta buɗe da hunturu, kada ka cusa mata siminti ko katako mai tauri, da damina falankin zai nemi wurinsa. Kuma uwargida, wannan daɓe ba a kwara masa ruwa kamar na siminti, tsumma mai ɗan laima ya wadatar.

Akwai inda ake alfahari da irin wannan ƙara. A fadar Nijo da ke birnin Kiyoto na Japan, wadda aka gina a farkon ƙarni na 17, barandar katako tana kuka duk wanda ya taka, ana kuma cewa hakan yana tona asirin mai saɗaɗowa da dare. Baƙi har kuɗi suke biya su je su ji. A nan ban taɓa samun wanda ya ce in bar masa tasa ba.

Sai dai akwai kukan da ba na hoda ba ne. Idan ka ƙwanƙwasa katako ka ji kamar ganga, ko ka ga garin katako yana zuba daga ƙananan huji, ko hanyar ƙasa ta hau jikin gungume, gara ce ko ƙwaro, cikin ya riga ya zama fanko. Sukuru ba shi da abin da zai kama, sai canji, a kuma raba sabon da ƙasa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne na rufin soro. Azarar giginya itace ce mai jimiri, gara ba ta cika samun ta da sauƙi ba, amma inda ta shiga bango, idan indararo ya toshe ruwa ya kwanta, tana ruɓewa a ɓoye. Idan da damina ka ji rufi yana ƙas-ƙas, ƙasa tana zubowa, ko ka ga azara ta yi ciki, fitar da iyali daga ɗakin a daren, ka tokare ta da gungume mai ƙarfi, da safe ka kira magini.