Faɗa wa Likita Gaskiya

Karatu: Kolosiyawa 4:14

Ɗan'uwa, an ɗora maka hannu a taron farkawa, ka yar da kwalin sigari, bayan kwana uku ka koma. Kada ka ce Ubangiji ya yashe ka. Jikinka ya saba da nikotin. In ya rasa shi, barci ya ƙi, rai ya ɓaci. Ciwo ne, kuma Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne.

In tari ya kai ka asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko asibitin Gwaram, kada ka ɓoye. Faɗi kara nawa kake sha, har da tiramol in akwai. Tafi da dattijon ikilisiya.

Addu'a: Uba, ka cire mini kunya gaban likita, cikin sunan Yesu. Amin.