Ƙarfin ƙafa a lokacin tsufa

Sau da yawa faɗuwa guda a wurin alwala, ƙashin ƙugu ya karye, ita ke raba dattijo da sahun jam'i. Naman cinya yana raguwa da shekaru, yawan zama yana gaggauta raguwar. Mu kuwa, don tausayi, ko buta ba mu bari su ɗauka.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da motsa jiki mai ƙarfafa gaɓoɓi da daidaita tsayuwa, aƙalla kwana 3 a mako. Mu taimaki iyayenmu su miƙe daga kujera, su zauna, sau 10. Sannan su dafa bango su tsaya da ƙafa guda. Mai fama da jiri ya fara ganin likita.