Shugaban Makaranta a Matsayin Malamin Malamai: Nazari a kan Makarantun Firamare na Ƙasar Kuyello

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana muhawara a kan ingancin malaman firamare a Jihar Kaduna, amma galibin muhawarar ya tsaya ne a kan abubuwa biyu, watau takardar shaidar da malami ya zo da ita, da kuma jarrabawar da za a auna shi da ita. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne yadda malami yake ƙaruwa bayan ya kama aiki, da wanda alhakin wannan ƙaruwa ya rataya a wuyansa. Wannan maƙala za ta duba al'amarin ne ta yin la'akari da halin da makarantun ƙasar Kuyello suke ciki. Abin da take son tabbatarwa shi ne, a wurin da kwaleji ta yi nisa, mai duba makarantu kuma ba ya zuwa sai jefi-jefi, babu wanda zai iya horar da malami kullum in ba shugaban makarantarsa ba.

2.0 Ƙasar Kuyello da Halin Malaminta

Kuyello tana cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, a ɓangaren gabas, inda ake lissafa ta tare da Tabanni da Kutemeshi da Dogon Dawa da Kazage. Ƙasa ce ta noma wadda daji ya yawaita a cikinta, ƙaramar hukumar kuwa ta yi iyaka da jihohin Katsina da Zamfara da Neja. Shi kansa garin Birnin Gwari, inda ofishin ilmi na ƙaramar hukuma yake, yana da nisan kimanin kilomita 120 daga Kaduna. Ke nan malamin da yake ƙauyen ƙasar Kuyello yana da tafiya biyu a gabansa kafin ya isa inda ake shirya yawancin kwasa-kwasan ƙarin sani.

A kan wannan nisa sai ga rashin tsaro ya ƙaru. A ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga sun shiga makarantar firamare ta Rama a ƙasar Birnin Gwari, suka tafi da malamai uku. A ranar 7 ga Maris 2024 kuma aka kwashe 'yan makarantar Kuriga a Ƙaramar Hukumar Chikun mai maƙwabtaka. An sako yara 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki, amma malami ɗaya ya rasu a hannun waɗanda suka sace su. A cikin shekarar ce Gwamnatin Jiha ta bayyana niyyar haɗe makarantu 359 da suke wuraren da ake fargaba. A watan Nuwamba na 2024 aka ƙulla sulhu a Birnin Gwari, har aka sake buɗe kasuwar shanu. To amma buɗe kasuwa ya fi gyara makaranta sauƙi, domin yaron da ya yi shekaru ba ya zuwa aji yakan komo da girman jiki na ɗan aji biyar da karatu na ɗan aji ɗaya, kuma babu kwalejin da ta shirya malami domin irin wannan aji.

3.0 Waiwaye a kan Horon Malamai

Horar da malami a bakin aiki tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo alaramma ba shi kaɗai yake biya wa kowa ba. Gardawa ne suke biya wa ƙolo da titibiri, shi kuwa yana zaune yana saurare, yana duba rubutun allo, in gardi ya yi kuskure ya gyara masa. Ta haka gardi yake koyon koyarwa a gaban wanda ya fi shi. Haka nan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta horar da jajoji waɗanda suke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata a ƙauyuka, sannan su komo su ƙaro.

Da boko ya zo, da horon malamai aka fara. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta haɗa da ajin malamai, Kwalejin Katsina kuwa da aka kafa a 1921 ita ce ta yaye irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda duk da alli suka fara aiki. A wancan zamani malamai kaɗan ne, ana iya sa ido a kan kowa. Al'amarin ya sauya a 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Yara suka yi yawa fiye da yadda aka ƙiyasta, aka buɗe kwalejoji cikin gaggawa, aka ɗauki waɗanda ba su gama ƙwarewa ba. Domin cike wannan giɓi ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar, don malami ya ƙara karatu ba tare da ya bar ajinsa ba. Daga baya aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar malanta, aka kuma kafa Majalisar Rajistar Malamai a 1993. Duk waɗannan matakai sun ɗaga darajar takarda, amma sa idon nan na alaramma a kan gardi bai samu gurbi a cikinsu ba.

4.0 Awo da Ƙari

A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyi na matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba. Aka sallame su, aka yi shelar ɗaukar sababbi 25,000, Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya kuma ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018. A watan Yuni na 2022 aka sake sallamar malamai 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama wata jarrabawar.

Ba manufar wannan maƙala ba ce ta yanke hukunci a kan dacewar matakin. Babu mai musun cewa wanda bai iya karatu ba ba zai koyar da shi ba. Sai dai mudu yana nuna yawan hatsi ne kawai, ba ya ƙara masa ko ƙwaya. Sabon malamin da ya ci jarrabawa a birni aka tura shi ƙasar Kuyello ya nuna cewa ya san darasi, amma bai nuna cewa ya iya sarrafa aji mai cunkoso ba, ko ya san yadda ake magana da uban da yake son ɗansa a gona lokacin girbi. Waɗannan a bakin aiki ake koyonsu, kuma sai da mai koyarwa.

5.0 Ayyukan Shugaba a Matsayin Mai Horarwa

5.1 Shiga aji

Aiki na farko shi ne shugaba ya riƙa barin ofis yana zama a bayan aji daga farkon darasi har ƙarshensa. Alal misali, a darasin karatun Hausa na aji biyu, abin da aka saba gani shi ne malami ya rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi. Mai wucewa zai ɗauka karatu ya zauna, alhali hadda ce. Shugaba mai lura zai nemi a nuna wa yaro ɗaya kalmomin daga ƙarshe zuwa farko; in ya kasa, an gane inda matsalar take. Maganinta shi ne a koma ga gina gaɓa daga baƙi da wasali, sannan kalma daga gaɓoɓi, har yaro ya iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba.

Haka kuma zai duba rubutun malamin kansa. In malami ba ya sa lanƙwasa, yaro ba zai bambance kafa da ƙafa ba, ko bata da ɓata, ko da da ɗa. In yana raba "yana" da "yakan" da "gidansu" gida biyu, to yaran aji duka za su tashi da wannan kuskure, duk da cewa an daɗe da daidaita ƙa'idojin rubutun a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Sharaɗin gyara shi ne a yi shi a keɓe, ba a gaban yara ba, a fara da abin da malami ya yi daidai, kuma a tsaya a kan gyara ɗaya tak har ya zauna.

5.2 Zaman malamai

Aiki na biyu shi ne ware sa'a ɗaya a mako bayan an tashi, malamai su shirya darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su kalla, sannan a tattauna. Wannan hanya ta shahara a makarantun Japan, kuma ba baƙuwa ba ce a nan, domin Kaduna tana cikin jihohi uku, tare da Neja da Filato, da aka fara shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya a cikinsu a 2006 da taimakon ƙasar Japan. Falalarta ga wuri irin Kuyello ita ce ba ta bukatar kuɗin mota ko masauki. Inda malaman makaranta ba su wuce biyu ko uku ba, sai makarantu maƙwabta su haɗu sau ɗaya a wata, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.3 Riƙe malami

Horo ba ya amfani in wanda aka horar ya nemi canji bayan zango biyu. Albashi da alawus ba a hannun shugaba suke ba, amma masauki da mutunci suna hannunsa. Shi zai kai baƙon malami gaban hakimi ko dagaci da liman, ya sa kwamitin gudanar da makaranta ya sama masa ɗaki, ya tabbata labarin duk wani motsi a daji yana isowa makaranta da wuri. Malamin da gari ya san shi ya fi samun kwanciyar hankali, kuma sai hankali ya kwanta ake shirya darasi.

6.0 Abin da Shugaban Kansa Yake Bukata

Ba za a ɗora wannan nauyi a kan shugaba a bar shi haka nan ba. Da farko, ya kamata a riƙa naɗa shi saboda iya koyarwa da iya zama da mutane, domin daɗewa a aiki kaɗai ba ta isa ba. Na biyu, a rage masa zirga-zirgar kai takardu ofis, wadda takan cinye masa yini guda. Na uku, mai duba makarantu in ya zo ya zauna a aji tare da shi, maimakon ya duba rajista ya sa hannu ya tafi. Shirin ESSPIN da ya yi aiki a jihar daga 2008 zuwa 2017 ya horar da shugabanni da jami'an tallafa wa makarantu a kan wannan tafarki, don haka akwai harsashin da za a ɗora gini a kai.

7.0 Kammalawa

An ga yadda nisa da rashin tsaro suka raba malamin ƙasar Kuyello da wuraren ƙarin sani, da yadda takarda da jarrabawa suka kasa maye gurbin horon yau da kullum. An kuma nuna cewa shugaban makaranta yana iya cike giɓin ta shiga aji, da zaman malamai, da kyautata zaman malami a gari. Wannan batu ya shafi ɗaliban sashen Hausa kai tsaye, domin da yawansu koyarwa za su yi, wasu kuma za su shugabanci makarantu. Wanda ya iya nazarin gaɓa da ƙa'idojin rubutu a jami'a, ya kamata ya iya zama da malamin aji ɗaya ya nuna masa yadda ake koyar da su ga yaro ɗan shekara shida.