Darasi: Duwatsun Abuja

Ya kai ɗalibi, a ƙasar Norway da ke arewacin Turai, masu yawon buɗe ido kan hau mota mai ɗakin kwana da madafa, su bi garuruwan bakin teku suna kallon kwaruruka masu zurfi da ƙanƙara ta sassaƙa tun zamanin da.

Kai ma kana da abin kallo a kusa. Idan ka bar Abuja ka kama hanyar Kaduna, daf da Madalla za ka ga Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999. A cikin birni kuwa, Dutsen Aso ne ke tsaye bayan fadar shugaban ƙasa. Waɗannan ba aikin ƙanƙara ba ne. Ruwan sama da zafin rana ne suka daɗe suna zaizaye ƙasar da ke kewaye, har dutse mai tauri ya rage shi kaɗai.

Sai dai a wurare irin su Mpape ana fasa duwatsu domin gine-gine, kuma dutsen da aka fasa ba ya dawowa.

Tambayoyi
1. Me ya sassaƙa kwarurukan Norway?
2. Wane dutse ne a garinku ya kamata a kiyaye? Me ya sa?