Wasa Ƙwaƙwalwa da Kalmomi: Shawarwari ga Gidajen Gure

Wasan cike gurbin kalmomi ya fara fitowa a jaridar New York World a 1913, Ingilawa kuma suka ƙara masa gishiri, suka mayar da kowace tambaya tarko. Mu a Gure ba sai mun jira jarida daga Yamai ba, tarkon yana cikin bakinmu.

1. A fara da kacici-kacici bayan sallar isha'i. Wanda ya kasa ya ba da gari, kamar yadda muka gada. In ya ba da Difa aka ƙi karɓa, ya ƙara da Damagaram.

2. A nemi kalma mai fuska biyu ko uku, nan daɗin yake. Boko ba ya nuna karin sauti, shi ya sa "fari" a takarda launi ne, ƙwari ne, kuma rashin ruwan damina ne. Na biyun da na ukun ba wanda zai koya wa manomin Gure. Sai a ce wa yara: "Alli yana da shi, gero yana tsoronsa sau biyu." A bar su su sha wuya. Haka "kai", haka "baba". Tambaya mai kyau ba ta ƙarya, kauda hankali kawai take yi, kuma wanda ya ji amsa ya kamata ya dafe goshi, ba ya tsaya gardama ba.

3. A juya gaɓoɓi: "An juya riga, ta zama abin tuwo." Gari kenan. Mata kuwa in an juya su sai tama, amma ban ba maigida shawarar faɗin wannan gaban uwargida ba.

4. A tono ƙaramar kalma cikin babba. Damagaram tana ɗauke da dama, tana ɗauke da gara.

5. Yashi ba ya yankewa a garin nan, ya isa allo. A zana gidajen cike gurbin kalmomi, biyar tsaye, biyar kwance. Kafin a soma a daidaita: "sh" da "ts" gida ɗaya ne ko biyu? Kuma k ba ƙ ba ce, kafa daban, ƙafa daban.

6. Gidan da ake jin Barbarci, Tubanci ko Fulatanci, a yarda tambaya ta zo da Hausa amsa ta fito da harshen kaka. A ranar, tsohuwa ce alƙali.

7. Tambayar da ta gagara, a kwana da ita. Sau da yawa wajen dakan safe amsar take faɗowa.