Darasi: Rikicin Tsohon Kuɗi a Gidan Gwanjo

Jama'a, a Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin kuɗi. Su kan saye su a gidan gwanjo. Darajar irin wannan kuɗi tana ga daɗewarsa da asalinsa.

A 2020, wani gidan gwanjo a Landan ya sayar da kwandalar zinariya ta Rumawa. An buga ta shekara 42 kafin haihuwar Annabi Isa. Kuɗinta ya wuce dala miliyan 4. Kwandalar ta gaske ce, amma takardar asalinta ta ƙarya ce.

A 2023, hukuma ta kama mai gidan gwanjon a Amurka, ya amsa laifinsa. Kwandalar ta bar hannun mai saye, aka mayar wa ƙasar Girka.

To, wa ke da alhaki? Dillalin da ya ɓoye gaskiya. Manyan gidajen gwanjo kan mayar da kuɗi idan kaya ya zama jabu, amma akwai wa'adi. Saboda haka, mai saye ya binciki asalin kaya, ya karɓi shaida a rubuce.

Tambaya: Me ya sa mai saye ya rasa kwandalar?