Littafin Lissafi da Lauyan Haraji

Kusan kowane ɗalibi a kwalejin nan yana da uba ko wa ko kawu mai sana'a a cikin garin Potiskum. Wani fataucin shanu yake yi, wani hatsi, wani kuwa manyan motoci ne gare shi. Ran da takardar haraji ta zo gida, wa za a miƙa wa? Ɗan makaranta. Ba a tambayarsa ko an taɓa koya masa abin a aji, cewa za a yi ai ka yi boko, karanta mana. Saboda wannan ranar na rubuta darasin nan.

A zamanin En'e abin ba wuya. Dagaci ya san gidan kowa, jangali kuwa kan saniya ake ƙirgawa, a tara a kai Baitulmali. A Kano da Kaduna gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979. Harajin yanzu ba kan mutum ko na dabba yake bi ba, riba yake bi. Ran 26 ga Yuni 2025 ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka kuma fara aiki da babbar cikinsu ran 1 ga Janairu 2026.

Abu na fari, a san wa ake biya. Mutumin da ke ciniki da sunansa, ko da ya yi rajistar sunan shagonsa a hukumar CAC, jiharsa yake biya, watau hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Yobe da ke Damaturu. Amma kamfani mai cin gashin kansa, wanda doka ta ɗauke shi kamar wani mutum dabam, Tarayya yake biya, ta hannun hukumar da a da ake kira FIRS, yanzu NRS.

Ga yadda ake yanka wa mutum a shekara. Naira 800,000 na fari babu kome a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Haka yake hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

To, bari mu yi lissafi irin na aji. A ce wani falke yana sayen shanu a kasuwarmu ran Laraba yana kai wa Ikko. A shekara ya sayi na miliyan 24, ya sayar miliyan 30. Wanda ya tsaya daga nesa sai ya ce ya ci ribar miliyan 6. Alhali kuwa ya biya kuɗin mota, da la'adar dillali, da ladan yaran da suka raka dabbobin, da dusa da harawa da magani, da kuɗin tikiti a kasuwa. A ce duka sun tashi miliyan 3. Ribarsa ta gaskiya miliyan 3 ke nan, harajinsa kuwa Naira 330,000. Amma idan ba shi da abin da zai nuna cewa ya kashe waɗannan kuɗi, aka yanka masa a kan miliyan 6, sai a ƙara masa kashi 18 na miliyan 3, watau 540,000, ya zama zai biya 870,000. Ku duba, fiye da rabin miliyan ya tafi don rashin littafin da bai fi kuɗin goron mako guda ba.

Nan ne matsalarmu take. Cinikin kara da baki ake yi, a tafa hannu, a ce Allah ya sa albarka. Abin nan yana da kyau, gama amana ce ta riƙe kasuwar tun kakanni. Sai dai ma'aikacin haraji ba ya wurin sa'ad da aka tafa. Doka ta yarda a cire duk abin da aka kashe domin sana'ar ita kaɗai, in an nuna shaida. Saboda haka a rubuta kwanan wata da adadi da sunan wanda aka ba, a ajiye rasit, abin da aka tura ta banki a ajiye takardarsa. A raba aljihun gida da na sana'a. Cefane da kuɗin biki ba sa shiga, ko da daga aljihu ɗaya suka fito. Littattafan kuma shekara shida ake ajiye su.

Har wa yau akwai wasu ƙofofi da doka ta buɗe da kanta. Mai zaman haya ana cire masa kashi 20 na kuɗin hayar gidansa daga abin da za a yanka wa haraji, amma ba ya wuce Naira 500,000. Abin da mutum ya zuba a asusun fansho da inshorar lafiya ta ƙasa ana cirewa, wannan ya shafe ku ma kanku ran da kuka fara karɓar albashi. Wanda ya sayi babbar mota don aiki ana rage masa kuɗinta kaɗan kaɗan cikin shekaru. Ƙaramin kamfani, wanda cinikinsa bai wuce iyakar da doka ta sa ba, kadarorinsa kuma ba su fi miliyan 250 ba, ba ya biyan harajin kamfani, manya kuwa kashi 30 ne. Mai hannun jari ana cire kashi 10 daga rabonsa tun kafin ya iso hannunsa, takardun lamuni na Gwamnatin Tarayya masu dogon wa'adi kuwa an yafe musu.

Yaushe ake neman masani? Ni a ganina ƙaramin mai shago ba ya bukatar lauya, akawu nagari ya ishe shi ya cika takardarsa ta shekara kafin ƙarshen watan Maris. Lauya yana shigowa wurare biyu. Na ɗaya, in za a mai da sana'a kamfani, domin wannan shawara tana da nauyi: akwai rangwame, akwai kuma ɗawainiyar kai rahoto kowace shekara ko an ci riba ko ba a ci ba. Na biyu, in gardama ta tashi. Wanda aka kawo wa takardar da bai yarda da adadinta ba, kwana 30 ne gare shi ya rubuta ƙin yarda, da dalilansa. In ya jefa ta cikin akwati ya manta, adadin ya tabbata a kansa. In hukuma ba ta karɓi uzurinsa ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ta shiyyarmu ta Arewa maso Gabas take zama a Bauchi.

Ba kowane lauya ne ya san haraji ba, kamar yadda ba kowane malami ne ya san rabon gado ba. A tambaye shi ko ya taɓa tsayawa gaban wannan kotu. A duba hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi. In akawu ne, a tambayi ko ɗan ƙungiyar masana haraji ce ta CITN, ko ta akantoci ICAN ko ANAN. A yanka lada tun da fari, a rubuce. Kuɗin haraji kuwa a biya shi a asusun gwamnati, rasit ya fito da sunan mai biya, kada a damƙa wa kowa a hannu. Wanda ya ce ya san wani a ofis, zai sa takardar ta ɓace, a gode masa a tashi, domin mai sana'ar ne za a kama da tara, ba shi ba. Haka wanda ya ce a yi littafi biyu, ɗaya na gida ɗaya na hukuma.

Lauyan kirki, abin da zai fara tambaya shi ne ina littafin. Hutu ya ƙarato. Kowa ya sayi babban littafi ya ja layi huɗu, kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, da dalili, ya zauna da mai sana'ar gidansu kowace Alhamis su rubuta cinikin Laraba. Wanda ya dawo da nasa ya kawo mini mu duba tare.